Jar Ƙasa a Famfon Jirgi

Talata, 2 ga Satumba, bayan La'asar

Makewayin jirgi ya sake toshewa.

Ajimi ne ya kawo labarin da kansa, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda ya kawo shi: yana dariya. Ya tsaya a bakin zaure ya ɗaga murya, "Uwargida, ofis ɗinki ya shiga yajin aiki!" Ƙanin marigayi Malam ne, al'ada ta ba shi damar wasa da matar wansa, kuma tun ina amarya yake cin wannan dama ba tare da na taɓa mayar masa ba. Na ce ya shigo ya yi magana irin ta masu hankali. Ya ce hannun famfon ya ƙi dannuwa, ruwa ya tsaya a kwano, ya ɗaure ƙofar da igiya sai mai gyara ya zo.

Jirgin ruwan nan shi ne abin da Malam ya bar mana. Ajimi ke tuƙa shi tun Malam na raye, daga garinsu na cikin fadama zuwa kwatar Gashuwa, ya koma. Idan ruwa ya cika irin na bana babu wata hanya, kuma tafiyar takan cinye rabin yini. Maza sukan juya baya a gefen jirgi. Mata kuwa sai su ƙi shan ruwa tun jiya, ko kuma su je can baya kusa da inji, wata ta kare su da zani. Ni na ce a kafa makewayi. Na san dalilina. Shi ma ya sani.

Ranar da aka kafa shi, Ajimi ya ce ɗakin ya cinye wurin buhunan kifinsa. Da wasa ya faɗa. Ban manta ba.

Laraba, 3 ga Satumba, da hantsi

Na kira Zakir, makanikin Nguru da ya samo mana abin daga Ikko. Ɗan kwano ne na tangaran, da famfo na hannu a gefensa. A juya maɓalli dama a buga, ya jawo ruwan kogi ya wanke. A juya hagu a buga, ya tura ƙazanta ta tiyo zuwa tankin da ke ƙarƙashin benci. Ni na dage a kan tankin, domin ba zan zuba wa masu shan kogin nan najasa ba, sannan in tsaya gaban Ubangijina.

Zakir bai bari na gama bayani ba. "Kachala ce, Hajiya. Ciyawar nan ta kashe koguna ma, balle ɗan tiyo." Ya ce zai zo jibi.

Mutumin da ya san cuta tun bai ga majinyaci ba, ban san me zan kira shi ba.

Alhamis, 4 ga Satumba, bayan Azahar

Iya, mahaifiyar Ajimi, ta sauka a nan kamar yadda ta saba. Litinin da Alhamis Ajimi yake kawo ta a wanke mata ƙafar da ciwon suga ya ci, ta huta a ɗakina kafin jirgi ya juya. Na durƙusa na gaishe ta, na kawo mata ruwa. Ta shanye moɗa biyu. Yau ba ta da walwala, ta ce tafiyar ta yi mata tsawo. Ban tambayi dalili ba. Ba a yi wa uwar miji tambaya.

Ina azumi. Na lura azumi ba ya rage mini zato, ƙara masa kaifi yake yi.

Juma'a, 5 ga Satumba, bayan an sauko daga masallaci

Na je kwata na tsaya a kan Zakir. Ya zaro ragar da ke tace ruwan shiga: fes take, ko silin kachala babu. Bai ji kunya ba. Ya hau saman rumfa ya leƙa bututun da tanki ke shaƙar iska da shi, ya zaƙulo gidan zanzaro, ya ɗaga shi sama kamar wanda ya kamo ɓarawo.

"Ga mai laifin, Hajiya! Tanki idan bai numfasa ba, famfo ba ya turawa."

Ajimi ya ce, "A kai zanzaro kotu, uwargida ta yi alƙalanci."

Masu lodin kaya suka yi dariya. Zakir ya buga famfo, ruwa ya wuce, amma na ji wani ɗan ƙara a cikinsa, kamar ana taka yashi da takalmi. Na dubi Ajimi. Shi ma ya ji, na tabbata ya ji, sai ya hau waƙa yana naɗe igiya.

Litinin, 8 ga Satumba, da yamma

Iya ta zo da fara'a. Tana warware mayafi ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ɗan ɗakin nan naki na cikin jirgi, Allah Ya saka miki. Ba don shi ba, da na bar ƙafar nan ta yi yadda ta ga dama." Na ce amin. A gefen mayafinta akwai ɗan ƙunshin da take ɗaurewa kullum. Kanwa ce, ina tsammani, tsofaffi ba sa rabuwa da ita.

Na ji daɗin maganarta fiye da yadda ya kamata. Na nemi tsari daga son yabo.

Talata, 9 ga Satumba, da safe

Ya toshe.

Alhamis, 11 ga Satumba, bayan La'asar

Wannan karon na sa Zakir ya kwance famfon gaba ɗaya a gabana, a kan buhu. Akwai wata 'yar roba mai tsagaggen baki a ƙarshensa, wadda ke barin ƙazanta ta wuce ta hana ta dawowa. Ya matsa ta, sai ga tsakuwa ta faɗo. Ya sa yatsa cikin famfon ya kwaso laka, ya murza ta, ya daɗe yana kallo. Wasan ya bar fuskarsa.

"Hajiya, lakar kogin nan baƙa ce."

Na ce na sani.

"Wannan ja ce. Ƙasar gini ce, har da ɗan ƙaiƙayi a ciki. Kuma ba ta raga ta shigo ba, da raga ta tare ta. Ta kwano ta shiga."

Na ce, "Wato zuba ta aka yi."

Ya ce, "Ni dai makaniki ne."

Ajimi yana can bayan jirgi yana zuba mai. Bai juyo ba. Mutumin da ba ya barin magana ta wuce bai saka mata baki ba, yau bai juyo ba.

Asabar, 13 ga Satumba, bayan Asuba

Na gama wuridina ban san abin da na karanta ba.

Ina koya wa matan unguwa cewa zato abin gudu ne. Na faɗa musu sau da yawa, da muryar wadda ta tsira. To ga ni. Na jera abin da na sani, na ware shi daga abin da nake ji. Na sani: ƙasar gini ce. Na sani: shi kaɗai ke kwana da makullin jirgi. Na sani: bai so ɗakin ba. Abin da nake ji kuwa ba zan rubuta ba, domin ya girmi makewayin.

Ko kuwa Zakir ne ya sayar mini da ruɓaɓɓen kaya yake neman wanda zai ɗora wa? Ko wani mai jirgi a kwata, ganin mata sun koma namu? Na gwada kowanne a zuciyata. Babu wanda ya zauna daram sai na farkon. Wannan ma abin tsoro ne: zaton da ya fi yi mini daɗi shi na fi gaskatawa.

Litinin, 15 ga Satumba, bayan Azahar

Na bar Iya tana barci a ɗakina na koma kwata ba tare da na aika ba. Fasinjoji sun watse. Ƙofar makewayi a buɗe, Ajimi a durƙushe ciki da sifana, hannunsa dumu-dumu. Ya kwaso wani abu a tafinsa ya watsa a kogi. Na ga launinsa kafin ruwa ya haɗiye shi.

Na yi sallama. Ya zabura har ya buga kai da katako.

"Uwargida! Sintiri ake yi?"

"Me kake yi?"

"Gyara."

"Wa ya sa ka? Zakir ya ce kada kowa ya taɓa."

"Zakir yana Nguru, mu muna kan ruwa."

"Me ka jefa?"

"Ƙazanta."

"Jar ƙasa ce. Na gani. Daga ina take zuwa, Ajimi?"

Ya goge hannu a wando. Ya dubi sifana, ya dubi ƙetaren kogi, ya dubi komai ban da ni. Na ce masa idan bai sani ba ya ce bai sani ba, zan karɓa. Bai ce ba. Ajimi ba ya ƙarya kai tsaye, wannan na shaide shi. Shirunsa ya ishe ni amsa.

Talata, 16 ga Satumba

Yau shekara guda. Na aika da sadakar waina masallaci da sunan 'yata, marigayiya Raudatu. Ban fita ba.

Laraba, 17 ga Satumba, da hantsi

Zanin da aka kare ta da shi, ranar da ta faɗa kogi daga bayan jirgi, yana ƙasan akwatina. Wadda ta riƙe shi ta kawo mini, a bushe, ko ɗigon ruwa bai taɓa shi ba. Injin yana da ƙara, kowa ya faɗa. Mai tuƙi yana duban gaba, kowa ya faɗa. Kwana ya ƙare, na faɗa da bakina a gaban masu ta'aziyya, kuma na yi imani da shi.

Ban taɓa tambayar Ajimi ko ya ji ihun ba.

Wanda ya ga abin da ya gani a bayan jirgin nan, ya kuma iya zuba ƙasa a ɗakin da aka gina don kada a sake, saboda buhunan kifi? Idan haka ne, ba zai riƙe jirgin Malam ba.

Juma'a, 19 ga Satumba, bayan La'asar

Na je wurin Baba Wakili, ƙanin mahaifinsu Malam, wanda shi ne babba a dangi yanzu. Na zauna daga bakin tabarma na faɗa masa komai a tsare. Ya daɗe yana jan carbi.

"Kubra, kin san abin da kike nema? Yaron nan ba shi da wata sana'a. Da jirgin yake ci da uwarsa da iyalinsa."

Na ce na sani, Baba.

"Kin gan shi yana zubawa?"

"Na gan shi yana ɓoyewa."

Ya ce Juma'a mai zuwa zai tara dattawa a zaurensa, Ajimi ya zo da makulli. Idan bai kawo bayani ba, Dunoma, wanda ke tuƙa wa mutane jirgi a kwata, zai karɓa.

Na dawo gida ina jiran sanyin da mai gaskiya ke ji. Bai zo ba.

Litinin, 22 ga Satumba, bayan Azahar

Ajimi ya rako Iya har zaure. Ya ce, "Ina wuni, Hajiya." Ya rusuna kamar baƙo. Ya juya.

Tun ina amarya nake roƙon Allah Ya raba ni da wasan mutumin nan. Yau an amsa mini.

Iya ba ta san komai ba, ko kuwa ta sani tana yi mini kara. Ta shanye ruwanta, ta ce ƙafar ta fara haɗa baki, ma'aikaciyar asibiti ta ce kada ta kuskura ta tsallake ko rana ɗaya.

Laraba, 24 ga Satumba, da safe

Gobe zan bi jirgin zuwa garinsu in kwana wurin Iya. Na gaya wa kaina ziyara ce. Ba ziyara ba ce. Ina so in tsaya gaban dattawa da abin da idona ya gani, ba abin da zuciyata ta ƙulla ba. Zakir ya sa sabuwar roba jiya. Famfon yana aiki kamar sabo. Zan zauna daura da ƙofar, in ga wanda zai shiga da abin da zai shiga da shi.

Rabona da hawa jirgin nan tun bara.

Alhamis, 25 ga Satumba, bayan Magariba, a ɗakin Iya

Zan rubuta shi yadda ya faru, ba tare da na gyara kaina a ciki ba.

Mun tashi bayan Azahar. Ruwa ya shafe gonakin shinkafa, sai kan itatuwa da kachala ta ko'ina. Na zauna inda na ƙudura, Iya a gefena. Ban dubi bayan jirgi ba sai don in ga Ajimi, kuma Ajimi bai saki hannun inji ba ko sau ɗaya. Wata mai goyo ta shiga da ɗanta, ta fito, na leƙa: lafiya. Wani dattijo ya shiga da butarsa, ya fito, na leƙa: lafiya. Wata 'yar kasuwa ta ce da ni, "Hajiya, ko kuɗin shiga za a fara karɓa ne?"

Sai Iya ta taɓa gwiwata. Na gane. Na tashe ta, na riƙe ta saboda ƙafar, muka taka zuwa ƙofar. Jirgi ya ɗan karkata, ta dafa katako da hannu ɗaya, ta miƙo mini gefen mayafinta ta ce, "Kwance mini, yatsuna sun ƙi."

Na kwance ƙunshin.

Ba kanwa ba ce. Hoge ne, guda-guda na jar ƙasa, an goge kaifinsu sun yi sumul. Irin wanda iyayenmu ke tsarki da shi kafin su bi da ruwa, su jefa a rami. Irin wanda ni da kaina nake karantar da mata cewa haɗa shi da ruwa shi ne mafi cika.

Ta ɗauki uku, ta shiga, ta ja ƙofa.

Na tsaya riƙe da sauran a tafina. Na ɗaga kai. Daga can baya Ajimi yana kallona, yana kallon hannuna. Sai ya mai da idonsa kan ruwa.

Kafin mu iso ta sake shiga, ta kuma sakewa. Ciwon ne ke sa ta. A na ƙarshe na ji famfon yana taka yashi.

Ga bangon ɗakinta nan ina kallo. Ta bayan ƙofa akwai wani lungu da ya rarake, inda take ɓantara.

Juma'a, 26 ga Satumba, bayan Asuba

Na sami Ajimi a bakin ruwa kafin fasinja su taru, da sifana a hannu. Ashe aikinsa ke nan duk Litinin da Alhamis; ranar da ya rasa wata tsakuwa, ranar ce labari ke iso ni.

Na ce, "Me ya hana ka faɗa mini?"

"In ce me, Hajiya?"

Na buɗe baki, na rasa yadda zan jera kalmomin. Shi ke nan amsar. Ɗa ba ya yi wa uwarsa zancen abin da take yi a bayan ƙofa, ba ya kuma kai zancen wurin matar wansa. Matarsa suruka ce, ba ta isa ba. Ni ma suruka ce.

Na ce zan gaya wa Baba Wakili shi kaɗai, a keɓe.

"Baba yana da mata biyu da waya," in ji shi. "Kafin La'asar an ji a kwata. Kin san Iya. Ranar da ta ji cewa ita ce ke toshe ɗakin, har maza suka zauna a kai, ba za ta sake taka jirgi ba. Ƙafar kuma kin ji abin da aka ce." Ya zaro makulli daga aljihu. "Ki karɓa kawai. Ya fi sauƙi. Sai dai ki gaya wa Dunoma ya riƙa buɗe famfon, kada ya tambayi dalili."

Ban karɓa ba. Muka taho Gashuwa.

Juma'a, bayan La'asar

An taru a zauren Baba Wakili. Ni daga bayan labule. Ajimi ya ajiye makulli a kan tabarma. Dunoma ya zo da sabuwar hula.

Tun a jirgi nake neman hanyar da ba ƙarya a cikinta, ba kuma tonon asiri. Siririya ce ƙwarai.

Baba ya ce in maimaita ƙarata. Na ce na janye ta. Na ce na zargi Ajimi da abin da bai yi ba, na yi masa zato, na kai shi gaban manya a kan zato, ina neman gafararsa a gaban waɗanda na tara. Na ce makewayin da na zaɓa bai dace da jirginmu ba, kuma ni na zaɓe shi, ban shawarci kowa ba.

Wani dattijo ya ce, "To jar ƙasar fa? Aljanu ne suka zuba?"

Na ce, "Na san inda ta fito. Ba daga hannun Ajimi ba, ba kuma daga hannun maƙiyi ba. Iyakar abin da zan faɗa ke nan."

Zauren ya ɗauki guna-guni. Baba Wakili ya ce, "Kubra, kin tayar da dattawa daga gonakinsu, kin sa an kira mutum da makullinsa, yanzu kuma kin ce kin sani ba za ki faɗa ba?"

"Haka ne, Baba."

Na ji wani yana cewa ƙasa-ƙasa, tun rasuwar yarinyar nan ba ta koma daidai ba. Wani ya ce Allah Ya sawwaƙe. Na bar musu wannan bayanin, tunda ya ishe su. Baba ya tura wa Ajimi makulli da ƙafar sandarsa. Ajimi ya ɗauka, ya ce ya yafe, da murya irin ta mai amsa gaisuwar hanya. Dunoma ya fita bai yi sallama ba.

Lahadi, 28 ga Satumba

Mata biyu ba su zo karatu ba. Wataƙila ruwa ne ya hana su. Na kama kaina ina lissafa wani dalilin, na tsaya.

Talata, 30 ga Satumba, bayan La'asar

Na hau mota zuwa Nguru. Rumfar Zakir tana bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Na ce ya nuna mini duk irin makewayin da ake sa wa jirgi.

Ya buɗe wayarsa da murna. Ga mai lantarki, da batir yake aiki, danna maɓalli kawai. "Yana da wuƙaƙe a ciki, Hajiya, niƙe komai yake yi."

"Har tsakuwa?"

"Haba Hajiya, wa zai ci tsakuwa?"

Na ce ya wuce. Ga wani mai ɗan tanki a ƙasansa, a ɗauka a zubar, amma sai an riƙa zuba masa magani mai launin shuɗi daga Kano, kuma bakinsa yana da marfin roba mai zamewa. Na ce ƙasa za ta ci robar? Ya ce za ta ci. Ga mafi sauƙi: a huda katako a bayan jirgi, komai ya faɗa kogi. Na ce ba a baya ba, ba kuma a kogi ba. Ya ga fuskata, bai ƙara ba.

Na ce ina son wanda ba shi da famfo, ba tiyo, ba roba, ba wani maƙogwaro da abu zai tsaya a ciki. Rabin duro mai marfi, a ƙarƙashin katako mai faɗin baki, bututun iska zuwa saman rumfa da raga a kansa saboda zanzaro, da bokitin ƙaiƙayin shinkafa da toka a gefe don rufewa. A sauke shi kullum a kai rami can tudu, nesa da ruwa.

Zakir ya ajiye waya. "Hajiya, wannan ai masai ne na ƙauye kika ɗora wa jirgi. Abin da na kawo miki daga Ikko, na manyan jiragen teku ne."

"Mutanen teku aka yi wa shi. Mu namu fasinjan daban ne."

"Wallahi a faɗa mini wanda ke zuba ƙasar nan, in yi masa magana, a huta."

"Yaushe za ka gama?"

Ya ce jibi. Ya rako ni bakin titi yana girgiza kai. Ina jin shi ma ya samu labarin cewa ban koma daidai ba.

Alhamis, 2 ga Oktoba, bayan Azahar

An kafa. Iya ta ce sabon ya fi, wancan yana da surutu kamar mai tari. Ta faɗa tana kallona ido cikin ido, abin da ba ta saba ba. Ko ta sani? Na juya maganar ta kowace fuska har na tuna inda irin wannan juyi ya kai ni.

Ajimi ya ce, "Ina wuni, Hajiya."

Litinin, 6 ga Oktoba, da yamma

Da safe na je bayan gida, inda tsohuwar katanga ta zube a ruwan bara, na ɓantaro ƙasa, na zauna na goge kaifin kowanne a kan dutse. Na cika ɗan kwando. Da jirgi ya iso aka tafi da Iya wankin ƙafa, na sauka kwata na shiga na ajiye shi a lungu, kusa da buta, inda hannun mai zaune zai kai. Yatsunta sun fara gajiya da ƙulli.

Ina fitowa na sami Ajimi tsaye da igiya a kafaɗa. Ya leƙa ta bayana ya ga kwandon. Masu lodi suna ta kai da kawowa a tsakaninmu.

Sai ya ce, ba da ƙarfi ba, "Uwargida, ofis har da kayan aiki?"

Na gyara mayafina. Na ce, "Masinja mai kwashe duro, shi ma yana da baki?"

Ya saki igiyar ta faɗi. Ya juya ga masu lodi yana ihu, "Jama'a ku shaida! Ta rama! Yau ta rama!" Ba su san abin da ake yi ba, suka taya shi dariya.

Ban yi dariya ba. Na hau tudu na dawo gida, na buɗe akwati, na fito da zanin na wanke shi, na shanya a igiya. Tambayar da ban yi masa ba tana nan. Na duba ta yau, na ga ba ni da sauran buƙatar amsarta.

Alhamis zan ƙara ɓantaro ƙasa. Katangar tana da yawa.